Tsakuwoyin Talatu

Shafi na 19

Almu bai yi sallama ba. Ƙafa ya sa ya daki ƙyauren ɗakin matar ƙanensa, ya shiga, ya fito riƙe da gora biyu, babba da ƙarami. A tsakar gida ya juye su.

Tsakuwa ta zubo, 'yan ƙanana irin na bakin rafi, suka yi ta gangarawa har gindin turmi. Wata kaza mai karkataccen baki, wadda tun da aka ƙyanƙyashe ta ba ta taɓa tsintar tsaba daidai ba, ta rugo ta ɗauki ɗaya, ta yar, ta yi gaba abinta.

"Ku hito ku gani!" in ji Almu. "Ga su nan! Ƙarƙashin gadonta na same su!"

Talatu tana bakin murhu da ludayi a hannu. Ba ta motsa ba.

Kafin ka ce me, gidan ya cika. Mata ta kan danga, maza ta zaure. Babu wanda ya tambayi ma'anar tsakuwar, don duk wanda ya tashi a wannan 'yar unguwa ta bayan Yankara ya san abin da ake faɗa: wai maye yana da 'yan duwatsu a cikinsa, in ya so sai ya amayo su ya ɓoye, da su yake kama kurwar mutane.

"Mayya!" wata ta faɗa daga bayan danga.

Ba yau Talatu ta fara jin kalmar ba. Shekara biyu ke nan da 'yarta Lauratu ta rasu. A zaman makoki surukarta, Goggo Hajaratu, ta dube ta gaban mutane ta ce idon uwar ne ya cinye yarinyar. Maganar ta shiga Talatu ta zauna daram. Ta daina kallon kowa. Ta rufe fuska da mayafi ko a cikin ɗaki, ta bar ci, ta bar magana. Mijinta Ɗanliti ya bi motar masu zuwa sauke siminti a Ikko, bai ƙara waiwayo ba. Sai da wanta ya zo daga Mabai ya kai ta babban asibiti a Kaduna. Likitan can ya ba ta ƙwayoyi har barci ya dawo mata, sannan ya haɗa ta da wani malamin asibiti, Malam Zailani, wanda yake zuwa Faskari aiki, yake leƙo ta duk Alhamis.

Yau kuwa Alhamis ce.

Baba Gide, ƙanen mahaifin su Almu kuma babban gidan, ya fito yana dogara sanda. Ya tsaya nesa da tsakuwar kamar mai gudun taka garwashi.

"Talatu, mi nike gani haka?"

"Tsakuwa ce, Baba."

"Na ga tsakuwa ce, ai ban makance ba. Ta mece ce?"

"Ta magani."

Almu ya yi wata dariya mai ɗaci. "Kun ji ko? Da bakinta! Ɗiyata Dada kwana huɗu tana kwance, jiki kamar murhu, ido ya rine, ita kuwa tana nan tana tara duwatsu!"

Goggo Hajaratu ta fito daga ɗakin Almu da Dada a hannu, yarinya 'yar shekara uku. Ta shimfiɗe ta a tabarma a tsakiyar taron. Numfashin yarinyar yana fita da ƙara, kamar ana jan zarto a hankali.

"Ba dogon zance," in ji Goggo. "Ki tsallake ta sau uku, ki sakam mata kurwa. Kin ci taki, ba ki cin tamu."

Talatu ta san al'adar. Wadda ta tsallaka ta amsa sunan ke nan, ita da duk wanda zai fito daga tsatsonta. Wadda ta ƙi kuwa, in mara lafiya ya mutu, jifa ce za ta raka ta har bayan gari.

Sai tsohuwar muryar nan ta farka a cikin kanta, muryar da ta yi watanni tana ƙanƙancewa. *In kuma ke ce fa? Tsallaka mana. Me zai rage ki? In ke ce fa?*

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. A shekarun nan, tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi na Udoji, babura sun yi yawa a hanyar Funtuwa, amma na Malam Zailani kowa ya san kukansa, don yana tari sau biyu kafin ya mutu, kamar tsohon da zai fara wa'azi.

"Salamu alaikum."

Babu wanda ya amsa da kyau. Ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya dubi taron, ya dubi yarinyar, ya dubi tsakuwar da ke warwatse. Talatu ta ga fuskarsa ta sauya. Ya dafe goshi.

"Innalillahi. Baba, wannan kuskurena ne."

"Kuskurenka?" in ji Baba Gide.

"Ni na ce ta tara su."

"To! Ashe ku biyu ne!" Almu ya daka tsawa.

"Saurara mani, Almu. A asibiti takarda muke ba mutum ya rubuta. Ita ba ta yi boko ba, sai na ce ta yi da tsakuwa. Wallahi ban tuna abin da tsakuwa take nufi a wurinku ba."

Baba Gide ya girgiza kai. "A wurinmu? Kai ba ɗan Sabuwa ba ne? Uwarka ba ta taɓa ba ka labarin mayu ba? Ka je Kaduna ka sa farar riga, ka dawo kana ce mamu *a wurinku*?"

"Na karɓi laifi, Baba. Amma yarinyar nan..." Ya durƙusa zai taɓa Dada.

Almu ya tare shi da sanda. "Ba mai taɓa ta sai an tsallaka!"

"Ƙyanda ce, Almu, ta sauka mata a ƙirji. Ka ji numfashinta? Allura take so yanzu-yanzu. Ga babur nan a waje."

"Mu da muka haihe ta ba mu san ƙyanda ba sai kai? Ƙyandar ma ai turo ta aka yi!"

"Malam," in ji Baba Gide, "hwaɗa mamu tukuna. Wane irin magani ne ake yi da duwatsu? Ni dai na san na sha, na san na shafawa, na san na turare."

Malam Zailani ya miƙe. "Baba, ciwonta biyu ne. Ɗaya a jiki, shi ƙwaya ta kwantar. Ɗayan tunani ne, ya shiga kanta ya zauna yana ba ta umarni, yana ce mata idonta na kisa. Ƙwaya ba ta fitar da wannan ita kaɗai. Likitanmu ya dawo daga ƙasar waje da wata hanya. Ba ma cewa mutum ya daina tunanin, don ba zai iya ba. Cewa muke yi a kai tunanin gaban alƙali. Kai da ka ce idonta na kisa, kawo shaidunka. Mu ma mu kawo namu. Sai a gwada a gani."

"Ka kai tunani ƙara?" Baba Gide ya dubi jama'a. "Kun ji ikon Allah. Shi kuma tunanin sai ya zo ya durƙusa ya cire hula?"

Wasu suka yi dariya. Almu bai yi ba.

"Surutu ya isa! Talatu, ki tsallaka ko in karya maki ƙafar da kike taƙama da ita!"

Talatu ta ajiye ludayi. Ta taka zuwa tabarmar. Taku ɗaya, taku biyu. Muryar cikin kanta tana ta ihu. *Tsallaka! Tsallaka ki huta!*

"Talatu," in ji Malam Zailani a hankali. "Ba zan hana ki ba, ƙafarki ce. Amma gaya mani, tana magana?"

"Tana yi, Malam."

"Me ta ce?"

"Ta ce ni ce."

"Wace shaida ta kawo?"

Talatu ta tsaya. Gumi yana bin bayan wuyanta, rana ta take tsakar gidan.

"Ba ta kawo ba," ta ce. "Ba ta taɓa kawowa ba. Ihu kawai ta iya."

Sai ta juya ta bar tabarmar, ta durƙusa a kan tsakuwar ta fara tsinta. Wani abu mai zafi ya taso mata daga ciki, wanda ba tsoro ba ne. Shekara biyu rabonta da shi har ta manta sunansa. Fushi ne.

Ta ɗaga wata tsakuwa mai ɗan gibi a gefe.

"Baba, wannan kai ne."

Baba Gide ya ja da baya. "A'uzubillahi! Ni?"

"Kai ne. Don giɓin haƙorinka na zaɓe ta. Wata biyar da suka wuce, ranar da aka sa wa ɗan maƙwabcinmu Lawwali suna, na buɗe mayafi na kalle ka cikin ido na ce ina kwana. Na koma ɗaki na yi amai don tsoro. Na jefa wagga tsakuwa a ƙaramin gora, na zauna ina jiran a ce ka faɗi. Kwana bakwai ina jira. Ran na bakwai na ji ka kana zagin jakinka, sai na mai da ita babban gora. Baba, ka mutu?"

"Ke, wace irin tambaya ce wannan?"

"Ka mutu ko ba ka mutu ba?"

"Ga ni tsaye kina gani!"

Ta wurgar da ita gabansa, ta ɗauki wata, ja mai kaifi.

"Wannan kai ne, Yaya Almu. Sau tara na kalle ka. Tsakuwarka tara a nan. Ko mura ka yi?"

"Kun ji!" Almu ya juya ga jama'a. "Ta riƙe kurwarmu ɗai-ɗai a gora!"

"In na riƙe kurwarka sau tara, da wace kurwar ka daki ƙofata yau?"

Wata mata ta tuntsire da dariya a bayan danga, ta yi maza ta rufe baki.

Talatu ba ta tsaya ba. Tana ɗauka tana jefarwa, muryarta tana ƙara ɗagawa.

"Wannan Suwaibatu mai ƙosai. Wannan mai gyaran fitila na kasuwar Yankara. Wannan Alheri, da cikinta wata bakwai na kalle ta, ta haihu lafiya, ga ɗan nan a bayanta! Wannan liman. Wannan makahon bakin masallaci, shi bai ma san na kalle shi ba. Ɗari biyu da sha ɗaya! Kullum da safe sai na ƙirga su kafin in iya fitowa daga ɗaki. Ku kuna barci lafiya, ni ina nan ina koyon kallon mutane kamar jaririya!"

"A cikinsu ba wanda ya yi ciwo?" in ji Baba Gide, muryarsa ta ɗan sauka.

"Uku sun yi, Baba. Ɗaya zazzaɓi, ɗaya haƙori, ɗaya ya faɗo daga bishiyar ɗorawa. Na ruga wurin Malam ina kuka na ce ga shi ta tabbata. Ya ce mani, kafin a haihe ni ba a zazzaɓi a garin nan? Waɗanda ban kalla ba, su ba sa faɗowa daga ɗorawa?"

Ta miƙe ta fuskanci Almu.

"Yanzu ka nemo mani tsakuwar Dada a cikin nan. Nemo! Babu ita. Tun da na dawo daga Kaduna kun hana ta zuwa ko ƙofar ɗakina. In na fito sai a ja ta ciki. Ko fuskarta ban sani ba sai yau. Waɗanda na kalla suna tsaye, wadda ban kalla ba tana kwance. To wane irin ido ne wanga?"

Almu ya dubi uwarsa.

"Baki ne da ita," in ji Goggo Hajaratu. "Mayu duk haka suke. Ta hwaɗa mamu wa ya ci Lauratu in ba ita ba."

Sunan ya daki Talatu a ƙirji. Ta juya a hankali.

"Goggo, kada ki ƙara kiran sunanta."

"In na kira fa?"

"Malam ya sa na ba shi labarin makon da ta kwanta, rana bayan rana. Sau biyar ina farawa ina kasawa. A na shida na kai ƙarshe. Kin san abin da na tuna?"

"Ina ruwana da abin da mahaukaciya ta tuna."

"Na tuna ranar da masu lamba suka zo da motarsu, suna yi wa yara allurar ƙyanda da ta agana. Ran nan kika aike ni kasuwar Yankara sayen kanwa, alhali akwai kanwa a gidan. Da na dawo na tambaye ki, kika ce an yi mata. Da yamma ina yi mata kitso, na yi ta cire ƙaiƙayi daga kanta. Na ce ina yarinya ta samo ƙaiƙayi da bazara?"

"Yara ba sa wasa?"

"Da aka zo yi mata wankan ƙarshe, na ga damtsenta. Sumul. Duk yaran da aka yi wa, tabon na nan a damtsensu har gobe. Na gani da idona, amma a lokacin kin riga kin gaya mani abin da zan yi tunani, sai ban tambaya ba."

Ba ta jira amsa ba. Ta nufi tabarmar. Almu ya ɗaga sanda.

"Bar ta," in ji Baba Gide.

Talatu ba ta ɗaga ƙafa ba. Gwiwa ta sa a ƙasa. Ta ture mayafinta baya, ta kalli fuskar Dada sosai, ido cikin ido. Yarinyar tana da gira irin ta Lauratu. Talatu ta ɗaga hannun rigar, dama, sannan hagu.

Babu tabo.

"Yaya Almu, watan jiya masu lamba sun dawo. Kana ina?"

"Ina... na kai shanu Pauwa."

"Da ka dawo mi aka ce maka?"

"Inna ta ce an yi mata."

"Zo ka duba."

Ya zo. Ya duba dama, ya duba hagu, ya sake duba dama. Sandar ta sulale daga hannunsa.

"Inna?"

Goggo ta kau da kai. Ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma saba kallonsa ba, amma yau kau da kan na daban ne.

"Inna, ina kika kai ɗiyata ran nan?"

"Allurar nan tana hana haihuwa, kowa ya sani! Ni na tsare maku zuriya!"

"Ina kika kai ta?"

"A rumbu," in ji Talatu. "Inda ta kai tawa. Ta ɓoye ta a rumbu, ƙyanda ta zo ta same ta ba kariya, ta mutu. Sannan ta tsaya gaban mutane ta ce idona ne. Shekara biyu, Goggo! Kina kallona ina rufe fuska, kina kallona ina ƙin abinci, kina kallo aka ɗaure ni da igiya aka sa a mota. Kin sani, kika yi shiru!"

Goggo Hajaratu ta miƙe tsaye. Ta nuna rumbun da ke bayan ɗakuna, dogo, da hular ciyawa a kansa, bakinsa can sama.

"Dube shi da kyau. Ni tsohuwa, da wannan ƙugun nawa, ni zan hau tsani in ɗaga murfin in saka yarinya? Ita Dada, Lawwali na roƙa ya saka mani, bai san dalili ba. Amma taki, wanda ya saka ta ya sani sarai."

"Wa?"

"Mi kike tsammani ya kai mijinki Ikko? Siminti?"

Talatu ta ji tsakar gidan tana juyawa da ita. Ɗanliti. Shi da ya zauna kusa da uwarsa a zaman makoki, kansa a ƙasa, aka ce wa matarsa mayya bai ɗago ba. Ta ɗauka baƙin ciki ne ya rufe masa baki.

"Talatu," in ji Malam Zailani da sauri, "wannan za mu zauna a kansa, ni da ke. Amma ba yanzu ba. Yarinyar nan ba ta da lokaci. Ina bukatar wanda zai riƙe ta a bayan babur. Ina uwarta?"

"Jego take, kwananta shida," in ji Baba Gide.

"Almu, taso!"

Almu yana durƙushe, ya kama kansa da hannu biyu, ko jin kiran bai yi ba. Matan da ke kan danga kowace ta sunkuyar da kai. Babu mai son yarinya ta cika a hannunsa.

Talatu ta share fuska da bayan hannu. Ta sunkuya ta tsinci tsakuwa ɗaya, 'yar mitsitsiya, fara, ta ƙulle ta a bakin zanenta. Sannan ta sa hannu biyu ta ɗauki Dada.

"Ke!" in ji Goggo. "In ta mutu a hannunki, wallahi duk garin nan..."

"In ta mutu, ƙyanda ce ta kashe ta, da ke. In ta rayu, ran na bakwai zan sa tsakuwarta a babban gora. Matsa mani."

Goggo ta matsa.

Ta bi ta zaure, mutane suna darewa. Malam Zailani ya taka babur, ya ƙi. Ya sake takawa, ya kama. Talatu ta hau, ta manna yarinyar a ƙirjinta. Zafin jikin yana ratsa rigarta, ƙarar numfashin nan mai kama da zarto tana bugun kunnenta, tana jin ta har cikin haƙarƙarinta.

Suka fita daga unguwar, suka bi ta gefen gonaki, suka hau hanyar Faskari. Dada ta buɗe ido, ta kalli Talatu. Talatu ba ta kau da kai ba.

Daidai gadar rafi, ƙarar zarton ta tsaya.

"Malam," in ji Talatu. "Malam, tsaya. Ba na jin numfashinta."